Zomon Malama Ya Je Barka

Ranar da Mailafiya ya yanke shawarar zama babban marubucin littattafan yara, bai tsaya rubuta ko layi ɗaya ba, sai da ya fara gyara allon shagonsa. Da can allon cewa yake "Mailafiya: Hoto-kwafi da Buga Takardu". Kafin azahar mai fenti ya ƙara masa a ƙasa da jan launi, "Kuma Marubuci". Shagon yana layin teloli, bayan kasuwar Kontagora, shekara tara ke nan yana buga wa mutane takardun neman aiki da katin biki a ciki. A ganinsa, wanda yatsunsa suka buga kalmomi masu yawa haka ya daɗe da zama marubuci, mutanen gari ne kawai ba su lura ba.

Mace ce ta tunzura shi. Malama Mu'minat, mai koyar da 'yan nazare a makarantar Madam Jemimah, shekara biyu yana nemanta tana ja masa rai. Sai a watan nan ta yarda kawunsa ya je ya ga mahaifinta, aka sa Juma'ar mako mai zuwa. Yana sonta so na gaske, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ciwonsa ɗaya ne, in yana gabanta bakinsa ba ya iya zama a rufe.

Ta zo yin kwafin takardun jarrabawa ne, ta yi ƙorafin cewa littattafan da take karanta wa yara duk daga waje aka kawo su, ba abin da yaran suka sani a ciki.

"Littafin yara?" in ji Mailafiya. "Shi ne abin damuwa? Malama, ni da na buga wa wani kundin digiri shafi ɗari biyu a kwana uku?"

"Bugawa daban, rubutawa daban," in ji ta.

"A wurin wasu ke nan. Ki ba ni mako guda. Kafin kawu ya taka ƙofar gidanku littafi yana hannunki. Labarin zomo da jariri, yadda suka shaƙu, wannan ba ya barci sai ya ga wancan. Yara za su yi kuka, iyaye su yi kuka. Ita kanta Madam Jemimah sai an miƙa mata hankici."

Ba banza ya zaɓi zomo ba, ya san tana da wani a gida da take ji da shi. Ta yi murmushi, ta ce Allah ya nuna mana, ta kwashi takardunta ta tafi. Murmushin nan ya ishi Mailafiya ya tabbata an gama magana.

Tsakanin shagonsa da na Japhet tela katako ne kawai, shi ma da ɓaraka. Japhet mutumin Rijau ne, shekara ashirin yana ɗinki a layin, kuma ba ya barin magana ta wuce shi. Da safe Mailafiya ya zana zomon da za a sa a bangon littafi, ya leƙa ya nuna masa.

Japhet ya gyara tabarau, ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa. "Kai, ya yi kyau. Jakin wa ye?"

"Wane jaki? Zomo ne!"

"To me ya kumbura masa kumatu? Haƙori ke damunsa?"

"Kai ba ka san zane ba."

"Na dai san jaki. Wannan abin da ke kusa da shi fa, tulu ne?"

Jaririn ne. Mailafiya ya fizge takardarsa, ya sanar da duk layin cewa zane ya zama tsohon yayi, manyan marubutan yanzu hoto suke ɗauka. Zomo na gaske, jariri na gaske, kyamara ta gaske.

Ranar kasuwa ya ci karo da Sati, wani manomi daga wajen Rijau, ya kawo zomon da tarkonsa ya kama a gonar wake, yana ta mutsu-mutsu a cikin buhu. Mailafiya ya saya bai ko leƙa ba.

"Malam, wannan fa na daji ne," in ji Sati. "Ba a wasa da shi, miya ake yi da shi."

"Dabba tana gane mai ilimi," in ji Mailafiya. "In na kalle shi ido cikin ido minti biyar, sai ka ga yana bina kamar kyanwa."

Sati ya ce to, ya bi shi a baya har shago, don ya ce bai taɓa ganin irin wannan ilimin ba.

Mailafiya ya tsuguna, ya kwance bakin buhu, ya tura fuska zai haɗa ido. Zomon bai ba shi minti biyar ɗin ba. Tsalle ɗaya ya yi ya taka masa hanci, na biyu ya hau tebur ya shure gwangwanin baƙin garin tawadar na'ura, garin ya tashi ya sauka a kan mai shago tun daga hula har takalmi. Daga nan ya bi ta ɓarakar katako ya faɗa shagon Japhet, ya tsunduma cikin leshin wata amarya da aka shimfiɗa za a yanka, ya fito titi yana jan yadin a baya. Mata suka watse da ihu. 'Yan acaba uku suka bar fasinja suka bi shi, mai shayi ya biyo da ludayi, wani mahauci da bai san me ake bi ba ya zaro wuƙa ya shiga sahu. A bakin kwata zomon ya yar da leshin a cikin ruwan ƙazanta, ya yi wajen tashar mota, ba a sake jin labarinsa ba.

Mailafiya ya fito ƙofar shago, ba abin da ake gani a fuskarsa sai fararen idanu. Ya yi tari, baƙin hayaƙi ya fito.

"Gwaji ne," in ji shi. "Yanzu bincike ya tabbatar na daji bai dace da littafin ba."

Japhet yana tsamo leshi da sanda ya ce, "Sati ya gama maka wannan binciken tun a kasuwa. Asabar bikin yarinyar nan. Kai za ka je ka yi wa uwarta bayanin gwaji."

Ya je. Abin da uwar amarya ta gaya masa ba zai shiga littafin yara ba.

Washegari ya koma neman jariri. Rebeka mai ƙosai a bakin layi tana da Meshach, ɗan wata goma, ƙato, mai cinyoyi kamar na ɗan dambe. Ta ce ba komai, ya ɗauke shi su yi gwajin, ita ma ta samu ta soya ƙosanta a natse. Mailafiya ya zaunar da yaron a kan cinya, ya cusa tsumma a farar safa a matsayin zomo, ya ce, "Meshach, shafa shi a hankali, abokinka ne." Meshach ya yi jifa da safar cikin kaskon mai. Sannan ya damƙi gemun marubuci da hannu biyu ya rataye. Kafin a ɓamɓare shi ya saki fitsari mai ɗumi, ya jiƙe rigar tun daga ciki har gwiwa.

"Ya so ka ne," in ji Rebeka tana tsamo safa da matsami. "Ba kowa yake yi wa ba."

Nan Mailafiya ya gane cewa littafinsa jariri sabon haihuwa yake buƙata, wanda in an ajiye shi zai zauna inda aka ajiye shi. Kuma akwai shi. Abokinsa Umar mai sayar da taki da maganin feshi, matarsa Ruka ta haifi ɗan fari, aka sa masa Auwal, yau kwana goma sha biyu. Da yake haihuwar fari ce, tana gidan mahaifiyarta Inna Salihatu tana wankan jego. Mailafiya ya tafi shagon Umar, don a saninsa izinin ɗa a hannun uba yake.

"Ɗana ne ko ba ɗana ba?" in ji Umar yana bugun ƙirji. "Laraba da la'asar ku zo. Zan gaya musu su shirya."

Suka tafa. Masu cika baki biyu sun haɗu, ba wanda ya tsaya ya tambayi ɗan'uwansa komai. Da Mailafiya ya yi tunani kaɗan, da ya tuna cewa tun da aka ɗaura aure Umar bai taɓa ɗaga ido ya kalli surukarsa ba. In ya je gaisuwa, tun daga waje yake cire takalmi, ya tsuguna a zaure, ya ce ina wuni da murya kamar ta mara lafiya, ya tashi ya gudu.

Saura zomo. Ba yadda ya iya, ya tafi zance ranar Talata ya roƙi Malama aron nata. Auduga sunansa, fari tas, mai ƙiba, kunnensa ɗaya baƙi. Shekara huɗu tana kiwonsa, tun yana ɗan mitsitsi da take ba shi madara a cokali. A kwando yake kwana a ɗakinta, in ta dawo daga makaranta shi ke fara tarar ta a ƙofa.

"Gaskiya ba na so," in ji ta. "Ko ƙannena ba na bari su ɗauke shi."

"Malama, yini ɗaya. Hotonsa zai shiga kowace makaranta a jihar nan. Yaran da ba a haifa ba ma sai sun san Auduga."

Ta daɗe tana shafa bayan zomon. Daga ƙarshe ta ce, "Ba ya son hayaniya. Ba ya cin ganye sai an wanke. Da an tashi makaranta zan zo wurin ɗaukar hoton, in dawo da shi da hannuna. Malam Mailafiya, amana ce na ba ka."

"Ki ɗauka yana hannun uwarsa," in ji shi.

Laraba da sassafe ya ɗauko Auduga a kwali ya kawo shago. Labarin ma ya rubuta shi, shafi huɗu cur da hannu, ya ajiye a kan tebur zai buga. Ya fita ya gayyaci layin teloli kaf, shago-shago, su zo da la'asar su shaida tarihi. Da ya dawo ya tarar kwali a buɗe, Auduga zaune a kan tebur, ya cinye shafi na biyu da na uku, yana cikin na huɗu. Wayar firinta kuwa ya raba ta gida biyu tun kafin ya hau teburin.

Mailafiya ya ɗaga hannu, ya tuna zomon wa ye, ya mayar da hannun ya sosa ƙeya.

"Ya karanta?" in ji Japhet ta ɓaraka. "Me ya ce?"

"Kai dai yi ɗinkinka."

"Na ga ya bar shafin farko. Ko shi ne bai yi daɗi ba?"

Nan take dabara ta zo wa Mailafiya, irin dabarunsa masu zuwa da gudu. Me zai sa zomo ya zauna a shago yana ɓarna har la'asar? A kai shi gidan tun yanzu, shi da jariri su saba da ƙamshin juna, kafin a zo da kyamara sun zama 'yan'uwa. Ya mayar da Auduga kwali, ya ɗaure da igiya, ya tsayar da Fidelis mai keke-napep, ya kwatanta masa gidan Inna Salihatu.

"Me zan ce musu, oga?" in ji Fidelis.

"Ba sai ka ce komai ba, sun san da maganar. Ka ce daga Mailafiya abokin Umar."

To, kowa a Kontagora ya san gidan jego. Tun daga ranar haihuwa 'yan barka suke aiko da kaji, da zabi, da tantabaru, da ƙafar saniya, kuma duk abin da ya shigo da rai hanyarsa ɗaya ce: a kai wa malamin maƙwabta ya yanka, a zuba yaji, mai jego ta sha romo ta samu ƙarfi da ruwan nono. Mailafiya ma ya sani, ya sha romon irin waɗannan gidaje ba sau ɗaya ba. Amma ranar hankalinsa yana wurin mai wanki da guga, da wurin wanda zai ara masa kyamara.

La'asar na yi aka ɗunguma. Mailafiya a gaba, babbar riga ta sha sitaci, kyamara a wuya. Madam Jemimah da jakarta, Malama Mu'minat da ledar ganyen latas wankakke da ta kawo wa Auduga. Japhet ya rufe shago, ya ce ko ɗinkin sarki ne a gabansa yau sai ya jira. Rebeka ta goyo Meshach, teloli da 'yan acaba suka biyo baya. A ƙofar gida suka tarar da Umar tsaye yana share gumi.

"Ku shiga, ku shiga," in ji shi. "Ni zan tsaya nan in kula da babura."

Inna Salihatu dattijuwa ce gajera mai kuzari, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mijinta. Ta ga taro, ta ɗauka 'yan barka ne, ta sa aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ƙarƙashin rumfa.

"Wane ne Mailafiyan a cikinku?" in ji ta.

"Ga ni, Inna."

"Kai ne? Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Abokan Umar da yawa sun zo, ba wanda ya yi abin da ka yi. Allah ya ba ka mace tagari."

Mailafiya ya saci kallon Malama don ya tabbatar ta ji. Ta ji, har ta sunkuyar da kai. Sai ta matso ta yi masa raɗa, "Ina yake? Tun safe bai ci ganyensa ba."

"Yana ciki wurin jariri, suna sabawa. Kada a katse su, wannan lokacin shi ne ginshiƙin aikin."

Inna ta ce ba mai ganin jikanta da yunwa a cikinsa. Aka fito da masa, aka fito da farfesu yana tururi, ƙamshin yaji da citta ya cika gidan. Jama'a suka samu romo, manyan baƙi kuwa, wato Mailafiya da Madam da Malama da Japhet, aka sa musu da nama. Mailafiya ya naɗe hannun riga. Yana ci yana jawabi, ya yi bayanin yadda zai fassara littafin zuwa harsuna bakwai, da yadda ba zai yarda a yi fim ɗinsa ba sai an zo har shago an roƙe shi.

"Naman nan da laushi yake," in ji Madam Jemimah. "Na mene ne?"

"Zabuwa ce," in ji Mailafiya kafin kowa ya buɗe baki. Ya tauna, ya lumshe ido. "Zabuwar Kaboji, mai cin gero. Ni in na ɗanɗana nama, har garin da aka yi kiwonsa nake faɗa. Malama, ƙara wannan tsokar, ta fi daɗi."

Ya ɗebo daga kwanonsa ya sa mata. Ta ci, ta ce lalle da daɗi.

Japhet kuwa tun lomar farko ya gane abin da ke cikin kwanon. Mutumin da ya tashi a gonakin Rijau ba a koya masa wannan naman. Ya ɗaga wani ƙashi ya duba, ya leƙa kwanon Madam, ya leƙa na Malama, ya ajiye cokali a hankali.

"Marubuci," in ji shi, "zabuwar Kaboji ƙafa nawa gare ta?"

"Biyu mana. Wace irin tambaya ce wannan?"

"To ga ɗaya a kwanona, ga ɗaya a naka. Ta wurin Madam fa, aro ta yi?"

Daidai nan Inna Salihatu ta fito rungume da jariri a cikin tawul, ta ji ƙarshen maganar.

"Wace zabuwa kuma?" in ji ta tana dariya. "Ɗan nan akwai kunya, ba ya son a san alherinsa. Zomon da ya aiko ne da safe. Tubarkalla, ban taɓa ganin mai kitse irinsa ba, sai da na rage man. Mai jego ta sha kwano biyu. Ga fatar can na sa gishiri na shanya."

Duk tsakar gidan aka juya. A jikin katanga, kusa da turmi, an kafe farar fata da ƙusoshi huɗu, kunne ɗaya baƙi yana lilo.

Madam Jemimah tana da tsoka a baki, ta rasa ta tofar ko ta haɗiye, daga ƙarshe ta haɗiye ta ce, "Yesu." Rebeka ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta suna rawa. Cokalin Malama ya faɗi a kan tabarma. Ta kalli fatar, ta kalli kwanon da ke gabanta, ta kalli ledar latas, sai hawaye. Kuka take yi na gaske, marar sauti, kuma duk wanda ya kalle ta sai da dariyar ta maƙale masa.

Mailafiya ya miƙe, kyamara tana dukan ƙirjinsa. "Umar! Umar! Ba ka gaya musu ba?"

Daga bayan zaure murya ta fito, ƙasa-ƙasa. "Na zo zan faɗa har sau uku."

"Sai me ya faru?"

"Haba Mailafiya. Kai za ka iya tsugunawa gaban surukarka ka ce mata a kwantar da jikanta da zomo?"

"A kwantar da wa da me?" in ji Inna Salihatu. Ta ƙara ƙanƙame jaririn. "Yaron da ko arba'in bai yi ba? Da dabba mai farce? Ashe taron da kuka yi ke nan?"

"Inna, littafi ne," in ji Mailafiya. "Zomon na hoto ne, ba na ci ba. Na Malama ne, aro aka yi."

"To ni duba nake yi? Dabba ta shigo gidan jego a kwali, an ce daga abokin miji, me kake so in yi da ita? Makaranta zan sa ta?"

Wani ɗan acaba ya kasa riƙewa ya fashe, sauran suka bi. Japhet ya cire tabarau yana goge ido. Mai hankali a nan shiru zai yi, ya durƙusa ya ba da haƙuri, wataƙila da an samu abin da aka tsira da shi. Mailafiya kuwa ya ji wata dabarar ta taso masa, ya gyara tsayuwa, ya juya wurin Malama.

"Malama, ki daure ki dubi abin da idon basira. Mai jego ta sha romon, ko ba haka ba? Jariri kuma ya sha nono. To yanzu Auduga yana cikin jinin Auwal. Wace shaƙuwa ce ta kai wannan? Wallahi littafin ma yanzu ya fi ma'ana. Babi na ƙarshe kawai za a..."

"Marubuci," in ji Japhet, "don girman Allah zauna."

Malama Mu'minat ta share fuska da gefen hijabi. Ta tashi ta je jikin katanga, ta zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya da hannunta, ta naɗe fatar a hankali, ta rungume. Da ta zo wucewa ta gabansa ta tsaya. Ba ta ɗaga murya ba, amma har Umar a bayan zaure ya ji.

"Malam Mailafiya, yini ɗaya na ba ka. Kuma da hannunka ka ƙara min tsoka."

"Malama, zan saya miki wani. Zan saya miki goma!"

"Ka aika su gidan jego. Kawunka kuma ka gaya masa, ranar Juma'a in ya idar da salla ya wuce gida."

Ta fita. Madam Jemimah ta bi ta, a bakin zaure ta waiwayo ta ce daga yau makarantarta ta canza wurin yin kwafi. Jama'a suka fara zamewa biyu-biyu, kowa yana sauri ya riga ɗan'uwansa kai labari kasuwa. Umar kuwa tuni ya tayar da babur.

Mailafiya ya koma ya zauna a kan tabarma, sitacin rigarsa duk ya saki. Shekara biyu yana bin yarinyar nan, saura kwana biyu, ga inda ya kawo kansa. Idanunsa suka ciko.

Inna Salihatu ta miƙa jariri ciki ta dawo tana tattara kwanuka. Ta dube shi, faɗan ya sauka, tausayi ya kama ta. Ta ɗauki kwanon Malama ta juye sauran naman a nasa.

"Cinye, ɗan nan," in ji ta. "Abin da ya faru ya faru, ba a zubar da naman jego."

Ba a yi wa tsohuwa musu a gidanta. Ya sa hannu ya ɗauka, hawaye na ɗiga a romo. Abin da ya fi ƙona masa rai, wanda har yau bai gaya wa kowa ba, shi ne ko a lokacin ma naman daɗi yake yi masa.